Lemun Maame

A shekarar da Mma ta daina cin abinci, zafin Kumasi ya zo da naci. Kwanon rufin ɗakinmu na Zongo yakan ɗauki rana tun hantsi ya riƙe ta har magariba, fanka kuwa sai dai ta kwashi iska mai ɗumi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Ni ce 'yar autarta, ni ce kuma wadda aure bai kai nesa ba, don haka jinyarta ta faɗo a kaina. In na dama koko, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. In na tuƙa tuwo da miyar ayoyo, ta ce bakinta ɗaci yake yi.

Abu ɗaya ne yake shiga cikinta, shi ne lemun Maame. Maame 'yar Asante ce, Kirista, tana zaune a Ashanti New Town. Tun ban yi wayo ba suke gefe da gefe a kasuwa, Mma da tukunyar wake da shinkafa, ita da gasasshiyar ayaba. Kullum cikin tsokanar juna suke. Maame ta ce Hajiya ta fi kowa tsada, Mma ta ce mai coci ta fi kowa surutu. Da ciwo ya kwantar da Mma, Maame ta fara zuwa bayan la'asar, tana jan ƙafarta mai ciwo, da wata gora ta roba a naɗe cikin tawul don kada sanyinta ya gudu.

Launin lemun kamar shayi marar madara, da ɗan kumfa a sama. Mma takan sha rabin kofi, ta lumshe ido, ta ce, "Kai, wannan ɗan ɗacin nasa shi ne daɗin." Bayan nan sai ta nemi tuwo da kanta. Su yi ta hira suna dariya har a kira magariba. Ni ma na taɓa kurɓa, na ce wani sabon minaral ne na lemun tsami. A gidanmu wa ya san ɗanɗanon giya, balle ya gane ta?

Wata rana gwiwar Maame ta kumbura, ta aiko in je in karɓa. Na hau tirotiro, ƙaramar bas ta haya, na tafi, da niyyar in koyi haɗin ma gaba ɗaya in hutar da ita. Ta yi murna ƙwarai. Ta sa ni na buɗe firiji, na ɗauko minaral na lemun tsami. Sannan ta nuna wata doguwar kwalba a ƙasa, ta ce in miƙo. Na karanta abin da ke jikinta.

"Maame, wannan ai giya ce."

"Kakra ne kawai, me ba," ta ce da Hausarta ta kasuwa, wato ɗan kaɗan ne 'yata, tana karkata kofi tana zubawa a hankali don kada kumfa ya yi yawa. "In ka sa minaral, ya zama shandi. Shandi ba giya ba. Yana buɗe baki. Maman ka ya ci abinci ko bai ci ba?"

Ba ɓoyewa take yi ba. A wajenta, abin da ake ba tsofaffi ne a lokacin zafi, kamar yadda mu muke ba su kunun tsamiya. Yau na san haka. A ranar kuwa idona ya rufe. Ina da baki, kowa a layinmu ya sani, kuma na sake shi gaba ɗaya. Na ce matar da ta je Makka, matar da ba ta taɓa barin sallar asuba ba, ita kika ɗura wa giya? Na faɗa da Hausa, na maimaita da Twi, yarenta, don kada kalma ɗaya ta wuce ta. Na ce kada ƙafarta ta sake taka gidanmu da wannan gora. Ta tsaya da kofin a hannu, kumfa yana gangarowa kan yatsunta.

A hanya na yanke shawarar ba zan gaya wa Mma ba. Mace ce da takan ce, tana buga ƙirji, haram bai taɓa bin maƙogwaronta ba. Na san in ta ji, za ta yi ta kuskure baki tana kuka, ta ce sai ta rama sallolin watannin nan duka, ga jiki ba ƙarfi. Malamin da na tambaya a asirce ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa. Na ce to, shi ke nan, na rufe maganar.

Gorar na hana, amma Maame ita da kanta ta daina zuwa.

Na gwada haɗa nawa. Na zuba maltina a minaral, na matsa lemun tsami, har ɓawonsa na kankare a ciki don ɗaci. Mma ta kurɓa ta miƙo mini. "Ba shi ba ne," ta ce. Kowace la'asar sai ta sa in fitar mata da kujera bakin ƙofa, wai tana shan iska, alhali idonta yana kan kwanar da Maame take ɓullowa. Na ce gwiwa ce ta hana ta. Ta yarda da farko. Sai wata maƙwabciya mai shegen baki ta zo dubiya, ta ce ta ga Maame a wajen wata jana'iza a Sofoline, har da rawa.

Da matar ta tafi, Mma ta ce, "Ta gaji ne. Mara lafiya gundura gare shi." Ta ce in mayar da kujerar ciki. Sau da yawa maganar ta zo mini har baki, sai in dubi carbin da ke hannunta in haɗiye. Ina cewa bari ta ɗan ji sauƙi tukuna, sai in je in ba Maame haƙuri in kawo ta. Kunya ce da girman kai suka riƙe ni, ba wani abu ba. Ruwan farko bai sauka ba Mma ta rasu.

Maame ta zo ranar addu'ar uku, cikin baƙin zane irin nasu na makoki. Ba ta shiga cikin gida ba. Ta zauna a bencin ƙarshe a ƙarƙashin rumfa, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na je na durƙusa a gabanta. Ta kama hannuna da hannayenta biyu.

"Me ba, gaya mini gaskiya. Hajiya ya yafe mini kafin ya tafi? Kullum ina jira ya aiko ya ce in zo."

Na ce mata Mma ba ta taɓa sani ba, ban gaya mata ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta saki hannuna a hankali.

"To, in bai sani ba," ta ce, "me ya ɗauka ya hana ni zuwa?"