Ranar da Na Yi wa Soron Hajiya Gaisha Ban-Ruwa

Cikin duk ranakun da na yi a aikin nan, akwai guda da ta ƙi fita daga kaina: ranar da na sa aka juye bido, wato jarka, goma sha biyu na ruwa a kan rufin ƙasa, da rana tsaka, a tsohon garin Agadas. Ku sababbin shiga da kuka fara dariya tun ban ce komai ba, ku dakata, ku ma taku tana nan tafe.

Shekarata ta farko ke nan a buro, ofishinmu na duba gine-gine, wata huɗu da dawowata daga makarantar gini a Yamai, ni ne ƙaramin teknisiye. Ga wanda bai san aikin ba: mai gida kan kira mu kafin ya sa gidansa a kasuwa, mu duba shi sama da ƙasa, mu rubuta rapor, shef ya sa hannu ya buga tambari. Mukan auna fili, mu ƙwanƙwasa bango, mu tsokani azara da ƙarfe don gano ko gara ta ci, mu duba wayoyin wuta da shadda, sannan mu hau rufi. Wannan takarda ita dillali ke nuna wa masu saye.

Wata Talata cikin bazara Shef Lawali, wanda ke shugabantar buronmu, ya miƙo mini dosiye, takardun wani gida, ya ce yau ni kaɗai zan je, shi taro ya riƙe shi. Daɗi ya kusa kashe ni. Na goge takalmi sau biyu, na rataya metir na awo a ƙugu yadda kowa zai gani, na hau moto, wato babur, kamar ni na gina garin.

Gidan na Hajiya Gaisha ne, tsohuwa 'yar asalin Timia, garin lambuna. Mijinta, Malam Agali magini, ya rasu shekara guda kafin nan, ƙafafunta sun fara gazawa, tana so ta sayar ta koma wajen ɗiyarta a Timia kafin damina ta ɓata hanya. Ba ta da komai sai gidan nan. Sani dillali, wanda na tarar yana jirana a ƙofa, ya ce masu sayen yanzu 'yan haƙar zinariya ne, suna jin an ce ginin ƙasa sai su juya baya, sai sun ga takarda. In rapor ya yi kyau Hajiya ta tafi Timia, in ya ɓaci ta zauna.

Kafin in zaro metir sai da ta kai ni gaban wata bishiyar rumman da ke tsakar gida, kore shar, ta tsaya tana jiran yabo. Ta ce duk unguwar an gwada shukawa an kasa, ita hannun Timia gare ta. Na yaba, na sha shayi, na kama aiki.

Bango lafiya. Azarar goriba ta yi baƙi don tsufa, amma ƙarfena ya ƙi shiga. Na rasa abin da zan rubuta, ni kuwa ina so in koma buro da wani abu da zai sa shef ya ɗaga gira. Da na hau rufi sai na tuna darasinmu na gwajin yoyo: a toshe indararo, a zuba ruwa ya kwanta kamar yatsu biyu, a sauka a duba ko ya ɗigo. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, wannan gwaji na rufin kankare ne. Rufin ƙasa ba a kwantar masa da ruwa. In ya jiƙa ya yi nauyi, sai ya sauko da azararsa gaba ɗaya.

Na aiki Sani ya kira 'yan ga-ruwa. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Injiniya, ruwan sha za a kai can bisa?" Kalmar injiniyan nan ita ta ƙarasa ni. Na ce masa wannan ilimi ne, ba na dillalai ba. Na cusa tsumma a indararon da ke zuba a titi, masu ruwa suka riƙa hawa tsani suna juyewa suna ƙunshe dariya. Maƙwabta suka fito kan soraye suna kallo. Wani tsoho ya tambaya daga nesa ko albasa zan shuka, in haka ne ya san mai iri a Tabelot. Ni ko a jikina, ina tsaye da agogo a hannu.

Sai ruwan ya ɓace.

Ba a hankali ba. Ina kallo ya karkata wajen wata kusurwa inda aka kifa fasasshiyar tukunya, ya yi ƙugi, ya shige. Tsummana yana nan daram, titi a bushe. A nan darasin da na manta ya dawo mini duka. Na ce shi ke nan, ruwan yana cikin bango, yanzu soron matar nan zai zube, na rushe wa bazawara abin da ta mallaka a duniya. Tsoro irin na ranar ban sake jin sa ba.

Na sauko tsani ban san da ƙafa ko da baya ba, na fitar da Hajiya daga ɗaki da tabarmarta, na koma ina shafa bango da tafin hannu, ina haska azara da torshi. Ko'ina a bushe. Wannan ya ƙara ruɗa ni. Ashe Sani ya riga ya buga wa shef waya, sai ga shi ya diro daga moto, hularsa a karkace.

"Isufu, ruwa ka kwantar bisa laka?"

Na ce e.

"Ina ruwan?"

Na ce shi nake nema.

Yana buɗe baki zai wanke ni sai Hajiya ta ce a yi shiru. Tana zaune inda na ajiye ta, gindin rumman, ta karkata kunne ƙasa. Muka yi tsit. Daga ƙarƙashin wani faffaɗan dutse ake jin ƙulul-ƙulul, kamar ana cika tulu. Ni da shef muka ɗaga dutsen. Ga wata ƙatuwar randa binne har wuya, ga bakin tiyo yana kwararo ruwana a ciki, tas.

Shef ya hau rufi ya ɗaga fasasshiyar tukunyar, ya sauko ya bayyana mana. Malam Agali ya karkata rufin ba wajen titi ba, wajen wannan kusurwa. Ya binne tiyo cikin kaurin bango, ya bi da shi ƙarƙashin tsakar gida har randar, ya yi wa gindinta ƙananan huji don ruwan ya riƙa tsatsa wa saiwa sannu a hankali. Indararon titi na rarar ruwa ne kawai. Duk ɗigon da sama ta ba gidan nan, rumman ke sha. Shi ya sa bai taɓa barin kowa ya yi masa yaɓen rufi ba.

Shef ne ya fara. Ya dube ni, laka har gira, metir na lilo a ƙugu, ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Sani ya kama bango. 'Yan ga-ruwa suka shigo suna tambaya ko a ƙaro. Ni ma da na tabbata soron ba zai faɗi ba sai dariya ta ƙwace mini, irin wadda ba ta tsayawa, hawaye na zuba.

Hajiya ta fi kowa dariya, har da tafa hannu. Can sai ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, muka ga kafaɗunta ba irin rawar ɗazu suke ba. Da ta buɗe, ta dube ni ta ce, "Ɗana, shekara talatin ina yi mishi gori. In ce shi bango kaɗai ya iya, ni ce mai hannun shuka. Sai ya ce, haka ne, Gaisha." Ta sake dariya, idonta jawur. "Haka ne, Gaisha. Ka ji mutum."

Rapor ya fita washegari. Shef ya rubuta da hannunsa cewa gwajin bai dace da ginin ƙasa ba, amma rufin ya ci jarrabawar. Hukuncina kuwa, ranar Asabar na cire takalmin nan da na goge sau biyu, na taka laka, na sake yaɓe inda ruwa ya zaizaye, tsohon nan mai maganar albasa yana ba ni umarni daga soronsa.

Sani bai sha wuya ba. Labarin ya riga shi zagaya gari, wani mai haƙar zinariya ɗan Maraɗi ya zo kallon randar, ya saye gidan. Hajiya ta sa sharaɗi guda, ta kuma nace sai an rubuta shi a takarda: ba a sare rumman, ba a toshe tiyo. Ta bar Agadas kafin ruwan farko, da reshe guda naɗe a jiƙaƙƙen tsumma.

Abin da na koya, ku ma ku riƙe: kafin ku gwada gini, ku tambayi da me aka yi shi, wa ya yi shi. In tsohon magini yana unguwar, ku je ku gaishe shi ku zauna. Kuma ku shiga gidan mutane da ladabi, domin ba bango da azara kaɗai kuke dubawa ba. Ni yoyo na je nema a gidan Malam Agali, sai na tono abin da ya shekara talatin yana yi wa matarsa bai faɗa mata ba.

Bara ɗiyarta ta aiko mini da kwandon rumman daga Timia. Ta ce Hajiya ta ce a gaya wa injiniya wannan kam hannunta ne, ta sa an tona an duba.