Wanda Yake Fara Zuwa Gayya

Ina tashar Ɗambatta ina jiran mota ta cika, ƙanwata ta kira ni ta ce Kawu Ilu ya rasu bayan azahar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauko daga motar, na rasa inda zan nufa.

Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne, manomi, kuma shi ne ya riƙe gayyar ƙauyenmu. Duk wanda ya kira gayya, daga unguwarmu ne ko daga gidajen Kiristocin hayin rafi, fartanyar Kawu ce take fara taɓa gonarsa. Ba ya tambaya ko mutum zai rama. Amma fa ba a mai da shi sakarai. Wanda aka yi wa aiki ya ƙi fitowa ranar wani, Kawu zai ce a tsallake gonarsa sau ɗaya. Damina ta gaba kuma shi da kansa zai je ya yi masa sallama, fartanya a kafaɗa.

Na taɓa yi masa ƙorafi a kan wani maƙwabci, Audu, gwanin zillewa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in na yanke shi har abada, na yi asarar hannu biyu. In ban taɓa shi ba ko kaɗan, baɗi kowa Audu ne."

Yanzu dawarsa ta bushe a tsaye, an kusa sakin dabbobi cikin gonaki, matarsa Inna Hajjo kuma tana takaba. Na bi gida-gida ina kiran gayyar girbi. Babu wanda ya ce a'a. Mutanen hayi suka ce, "Malam, in naku sun fito, muna bayanku." Namu suka ce sai sun ga fitowar 'yan hayi tukuna. Ranar da aka sa, na je na tsaya a bakin gona, amma ni malamin makaranta ne, ban taɓa nome wa kowa kunya ɗaya ba, fitowata ba ta ja kowa ba. Na sare abin da zan iya. Da na dawo, Inna Hajjo ta tambaye ni daga cikin ɗaki, "Sun zo da yawa?"

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hajjo da 'ya'yanta haƙuri, Ya kawo musu hannun da zai kai dawar nan rumbu.