Masallacinmu Mai Zanko a Nuzla

Wata safiyar Asabar ta shekarar 1969, ina kakkaɓe tabarmi a ƙofar masallacin unguwarmu ta Nuzla, a Jidda, sai ga katafila ta shigo lungu tana ruri. Wani ɗan kwangila na gabanta yana nuna bangon gabas da sanda. Fili ya saya a baya zai gina shaguna, wai masallacin ya tare masa hanya. Maza duk sun tafi dako bakin teku. Na yar da tabarmar na ruga na kira kakata, Hajja Dije.

Masallacin ba wani babba ba ne. Kakana da abokan tafiyarsa suka gina shi, bayan sun tako daga ƙasar Hausa da ƙafa, sun ratsa Sudan, sun haye teku. Da farin dutsen da ake sarowa a gaɓar teku suka yi bangon, suna shimfiɗa katakon tsofaffin jiragen ruwa tsakanin jerin duwatsun don kada ya tsage. Ba shi da hasumiya, sai matakala a gefe inda ladan yake hawa. A kusurwoyin rufin kuwa suka ɗora zanko irin na sorayen Kano, har maƙwabtanmu Larabawa suna kiransa masallaci mai ƙaho. Mu yara mata mu ke share harabar, mu cika randunan alwala da garwa, sannan mu zauna inuwar bangon muna carafke. Kafin kowane azumi iyayenmu mata su kwaɓa farar ƙasa mu shafe shi, hannuwanmu su yi ta zafi har dare. Hajja takan ce, "Baƙon da ya yi gini ya daina zama baƙo."

Ranar ba ta ko nemi takalmi ba. Ta ɗauko kujerarta ta tsakar gida, ta dasa ta a gindin bangon, ta zaunar da ni kusa da ita. Mata suka riƙa fitowa da goyo, da tiren gyaɗa da suka shirya kaiwa kasuwar Bab Makka, suka jeru. Mutumin ya daka tsawa da Larabci, wai yalla, maza mu tashi, ya ce mu Takari ba mu da ko taƙi a ƙasar nan. Ban motsa daga gefen Hajja ba.

Hajja ta amsa masa da Larabcin da ya fi nasa kaifi: "A kaina na ɗauko duwatsun nan ina da cikin uwar yarinyar nan. Ka fara da ni, halas, magana ta ƙare."

Direban katafilar, wani Bayamane, ya kashe injin ya sauko, ya ce shi ba ya rushe ɗakin Allah da tsohuwa a jingine. Haka muka zauna cikin rana har azahar. Da ladan bai dawo ba, wani makaho maƙwabcinmu ya lalubi matakalar ya kira salla, mutane suka taru daga lunguna. Ɗan kwangilar ya shiga motarsa ya tafi. Daga baya hanyar tasa ta kewaya ta kudu.

Bayan rasuwar Hajja jikokin maginan da kansu suka sake ginin da siminti, da na'urar sanyi da hasumiya mai koriyar fitila. Ya fi faɗi, ya fi sanyi, ba na musu. Jikokina suna salla a ciki, Hausa kuwa sai dai su ji, su amsa da Larabci. Amma har yau in aka tambaye ni 'yar ina ce, nakan ce ta Nuzla, ban kuma taɓa sassauta murya ba.