Golan da na ce ya sayar da mu

Shekarun baya masu nisa ne, ba a daɗe da sauke tutar Bature an ɗaga tamu ba. Ina saurayi a unguwar Tishigu, ina buga baya a wani kulob na Tamale da wani Alhaji mai fataucin goro yake riƙe da shi. Shi ke ciyar da mu, shi ke ɗinka mana riguna, don haka ƙwallo ce sana'ata. Ina da tsawo, ina da ƙarfi, ina kuma ganin in ba ni a fili to a tashi wasan kawai. Kan nawa ya fi ƙwallon girma a lokacin.

Golanmu mutumin Kudu ne, daga bakin teku, Kirista. Akawu ne a wani ofishin gwamnati, da yamma yake zuwa fili a kan kekensa. Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk "shi" ne a bakinsa, muna ta yi masa dariya. Amma da wannan Hausar yake tsara mu. Daga raga yake ganin abin da ba mu gani, ya yi ta ihu da "Masa" ɗin nan da yake kiran kowa da shi, wato maigida: "Masa, hagu! Hagu! Mutum yana bayanka!" In azumi ya zo, ba ya shan ruwa a gabanmu har a sha. Matarsa tana sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake ƙullewa a ganye, da soyayyen kifi a bakin layinmu, rabin kulob a can muke ƙarewa bayan atisaye. Shekara uku ina gabansa yana bayana. In an tambaye ni a lokacin, zan ce abokina ne, kuma ba ƙarya na yi ba.

Sai aka kawo wani kulob daga Kudu, daga yankinsu, don wasan da duk gari ya yi makonni yana jira. Mutane sun taho daga Dabokpa, daga Gumani, wasu a keke, wasu a ƙafa, masu ganga sun kafa tun azahar. Har kusan tashi babu wanda ya ci. Sai baƙin suka samu bugun kwana. Ƙwallo ta taso sama, na ji muryarsa sarai a bayana: "Bar shi! Nawa ne!"

Ban bari ba. Ina son a ce ni na fitar. Na yi tsalle a gabansa, ban same ta da goshi ba, ta goge ƙeyata kaɗan ta canza hanya, ta bi ta gefen hannunsa ta faɗa raga. Daga inda 'yan kallo suke, abin da aka gani shi ne gola ya fito ya miƙa hannu ƙwallo ta wuce. Ni da shi kaɗai muka san yadda aka yi. Ya dube ni daga ƙasa inda ya faɗi, ni kuwa na kau da kai ina gyara safa.

Bayan an tashi mutane suka yanyame mu. Wani ya riƙo rigata yana cewa, "Wai me ya faru ne? Yaya aka yi wannan ta shiga?" Ina haki, kunya da haushi sun cika ni, sai na ji bakina ya ce:

"Ku tambaye shi mana. Ai 'yan garinsu ne."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Kafin kwana uku ta zagaye kasuwa, ta dawo mini da ƙafafu da hannuwa. An ce an gan shi da kyaftin ɗinsu a tashar mota. An ce sun yi magana da yarensu kafin a buga kwanar. Wani ma ya rantse mini cewa da idonsa ya ga ana miƙa masa abu, ni kuma ina gyaɗa kai. Alhaji ya kira shi a gabanmu ya tambaye shi. Ya ce, "Alhaji, ban sayar ba. Kuskure ne ya faru." Alhaji ya ce, "Kuskuren wa?" Bai ambaci sunana ba. Ina zaune a benci, tsakanina da shi bai fi taku uku ba, ina kallon yatsun ƙafata. Alhaji ya ce ya huta tukuna.

Bai ƙara zuwa fili ba. 'Yan kulob suka daina zuwa wajen matarsa, sannan mutanen layi ma suka rage. In ya wuce a keke sai a bi shi da "Nawa suka ba ka?"

Mu kuma muka lalace. Sabon golan ba laifi, yana kamawa, amma ba ya magana. Sai a lokacin na gane rabin ƙwarewar da nake taƙama da ita muryar mutumin nan ce. Ba mai ce mini hagu, ba mai ce mini mutum yana bayana. Aka ci mu wasa uku a jere. Abin da ya fi cin wasan muni, kowa ya fara zargin kowa. In ɗan gaba ya ɓarar, sai ka ji an ce, "Shi ma a bincike shi." Mutanen da muke cin tuwo a kwano ɗaya, kowa ya koma yana buga tasa, kada a ce shi ne.

Wata safiya ina shan koko a tsakar gida, mahaifiyata ta dawo daga bakin layi da dokunu har ƙulli shida, mu da ba mu fi uku a ɗaki ba. Na ce, "Mma, wa zai ci duk wannan?"

Ta ce, "Tun safe ba wanda ya tsaya wajen baiwar Allahn nan." Ta ajiye kwanon, ta dube ni. "Kai ne kusa da mijinta ran nan. Ka ga ya sayar?"

Na ce, "Allah ne masani, Mma."

Ta ce, "Na san Allah ya sani. Kai nake tambaya."

Ban iya ƙarasa kokon ba. Duk da haka sai da na ƙara kwana huɗu kafin na iya ɗaukar ƙafata zuwa gidansa. Na same shi da la'asar yana ɗaure akwatuna da igiya. Ashe ya nemi a mayar da shi Kudu, an kuma amince. Matarsa ta kawo mini ruwa.

Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu. "Masa, na sani. Ya taɓa kanka. Na gani."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa wa Alhaji ba?"

Ya ce, "In ni na faɗa, wa zai yarda? Za su ce Kudu yana ƙarya a kan ɗan gari. Kuma kai mutumina ne. Na ce zai faɗa da kansa. Ranar farko na ce gobe. Sati ɗaya na ce yana jin kunya, bari ya huce." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Sati shida na jira ka."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Washegari a fili na tsaya gaban Alhaji da 'yan wasa na faɗi komai, har da maganar da na yi bayan an tashi. Babu wanda ya doke ni, babu wanda ya kore ni. Kyaftin ya tofar da yawu ya juya. Alhaji ya ɗauke mu gaba ɗaya muka je ba golan haƙuri, ya karɓe mu, ya ce ya yafe. Amma takardar mayar da shi Kudu ta riga ta fito. Ran Asabar muka ɗora masa kaya a lori. Gyaran da na yi bai bi kasuwa kamar yadda ƙaryar ta bi ba. Bayan shekaru ina jin tsofaffi suna ba da labarin golan da ya sayar da Tamale, in tsaya in gyara, wasu su yarda wasu su ce ina rufa masa asiri ne.

Na ƙara buga shekara biyar, an ma ba ni kyaftin daga baya. Ban sake ganinsa ba, ban san ko yana raye ba.

Yanzu in na ga 'yan wasa a talabijin suna cewa su 'yan'uwan juna ne, ba na musu, don ni ma na faɗa kuma har zuciyata nake nufi. Sai dai ba na kallon rungumar da suke yi in sun ci. Ina jira a ci su, in ga wa zai taka ya je wajen gola, in ga wa zai ɗaga hannu ya ce ni ne. Ni taku uku ne kawai tsakanina da shi, na kasa.