Dutsen da Na Nema wa Abba a Xiaobei

Wata Asabar da damina, ina 'yar shekara tara, ruwa ya tsare Malama Nora a gidanmu na unguwar Xiaobei, a birnin Guangzhou. Dattijuwa ce 'yar ƙasar Ailan mai koya mini Turanci. Umma ta kawo mata shayi da ƙosai, ita kuwa ta ture littafi gefe ta shiga ba ni labarin mutanen ƙasarsu na dauri, waɗanda suka sauko cikin hazo, rabi mutane rabi iskoki. Ta ce sun zo da wani dutse suka kafa a kan tudu. In sarkin gaskiya ya taka shi, wanda ƙasar ta amince da shi, sai dutsen ya yi ruri kowa ya ji. Na tambaye ta ko dutsen yana da 'yan'uwa a wasu ƙasashe. Ta yi dariya, ta ce wa ya sani.

A lokacin takardar zaman Abba ta kusa ƙarewa, sabunta ta kuma ya gagara. Ni a Guangzhou aka haife ni, Kano a waya kawai na san ta. Sai na ƙudurta cewa in dutse ya yi wa Abba ruri, ba mai raba mu da garin. Duk aiken da Umma ta yi mini, ko albasa ce, sai na tsaya ina kara kunne a matakalar tasha, da dakalin kantuna, da zakin dutse na ƙofar wani shago. A ƙarshe na zaɓi wani baƙin dutse mai santsi a gindin gada.

Ranar Juma'a na ja hannun Abba har wurin, na kwashe labarin na gaya masa. Ya dube ni ya ce:

"Ummi, dutse ba ya ba mutum ƙasa, Allah ke bayarwa."

Duk da haka ya cire takalmi ya taka, jama'a na wucewa suna kallonsa. Muka yi tsit muna saurare. Motoci kawai muka ji.

Kafin sanyi ya shigo muna Kano. Yanzu na san labarin almara ne, Abba kuma ya riga mu gidan gaskiya. Bara na hau Dala na taka duwatsunsa, su ma ba su ce komai ba. Abin da bai bar idona ba shi ne Abba tsaye ƙafa tsirara, takalmi a hannu, yana taya ni saurare.