Jikata da Karnukan Ruwa

Daga bakin kasuwar Suleja har Tafa, babu yaron da ke kuka in ina wurin. Jaririn da aka yi wa allura ma, in na murguɗa masa baki sai ya manta da zafin. 'Ya'yan masu haya a gidana, na Inyamurai da na mutanen Filato, kafin su iya kiran uwarsu sun iya kirana. Da wannan taƙama na hau jirgi zuwa Afirka ta Kudu, inda 'yata ke aikin jinya, don in ga jikata da aka haifa can, wadda ban taɓa ɗauka ba, sai dai mu ga juna a waya.

Yarinya 'yar shekara biyar ta dube ni sau ɗaya ta shige bayan uwarta. Tana jin Hausa, amma amsa sai da Turanci, ni kuwa ko ta Turancin ban samu ba. Na yi kukan akuya, na yi tafiyar agwagwa a falo har gwiwata ta yi ƙara. Shiru. Kwanakina suna ta ƙarewa, ni kuma burina bai wuce ta zauna a cinyata ba.

Ana jibi zan dawo, 'yata ta ce sai na ga teku. Muka shiga ƙaramin jirgin ruwa da wasu Turawa, aka nufi wani dutse a tsakiyar ruwa. A kansa akwai dabbobin da ta kira karnukan ruwa, baƙaƙe, masu gashin baki, ba ƙafar kirki, sun fi 'yan acaɓan Suleja yawa da hayaniya. Warinsu kuwa, kwatar mahauta turare ce.

Wani ƙato ya zame ya faɗa ruwa tinjim. Jikata ta ƙyalƙyale da dariya, ta kama yatsana tana nuna min shi. Ita da kanta ta kama. Daɗi ya hau min kai.

Ni kakana ya sha ɗaga ni a bakin rijiya yana cewa yau zai huta da mai cinye masa tuwo, ni kuma in ja masa gemu. Haka na san ana nuna wa jika so. Sai na sure ta, na ɗaga ta saitin ƙarfen gefen jirgin, na ce wa dabbobin, "Ga abincinku na kawo. Ba ta da nama, amma ku yi haƙuri."

Ina jira ta ja min kunne. Sai na ji jikinta ya sandare a hannuna, ɗumin fitsari ya bi hannun rigata. Daga baya ihun ya zo. Wata Baturiya ta miƙe tsaye, ma'aikacin jirgin ya taho yana magana da sauri. 'Yata ta karɓe ta, tana ta yi musu bayani da Turanci.

Da muka sauka na ce, "Wasa ne fa. Ke ma kakanki ya yi miki."

"Baba, ni na taso ina ganin ana yi. Ita ba ta da kaka a nan. Duk abin da babba ya faɗa, gaskiya take ɗauka."

Na sayo wa jikata alawa, ta ƙi karɓa. A mota ta manne da ƙofa, ta bar min kujera kamar mai ƙyanda. Washegari ko falo ba ta fito ba, ni ma ban ƙara kukan akuya ba.

A filin jirgi na durƙusa na miƙa mata hannu. Ta dube ni, ta raɗa wa uwarta wani abu. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce, "Me ta ce?"

"Ba komai, Baba."

"Faɗa min dai."

'Yata ta gyara min wuyan riga.

"Ta ce wai kun fi kirki a cikin waya."