Hannun Baba na dama

Shekarun baya, lokacin ina digiri na biyu a fiziks, mahaifina yana da damuwa guda a kaina: bai san me zai ce ina karantawa ba. A majalisarsu ta gindin mangwaro a Jigwada, bayan la'asar kowa kan baje kolin 'ya'yansa. Wannan ɗansa likita, wancan 'yarsa tana ma'aikata a Abuja. Idan aka zo kansa sai ya ce, "Yana dai karatu," ya kawo zancen farashin riɗi a kasuwar Agwada. Abin yana ci masa rai, ni ma na sani.

Ran nan ya zaunar da ni a tsakar gida ya ce, "Kai, faɗa mini da Hausa. Me kake nema?"

Na gyara zama kamar wani shehin malami. Na ce a nazarin da nake yi ana ɗauka cewa komai na duniya, in aka bi shi har ƙarshen ƙanƙanta, wata 'yar tsirkiya ce mai kaɗawa, kamar ta garaya. Na ɗauko faifan mahaifiyata na juya, na ce ya duba, an juya shi amma yana nan yadda yake. Wannan shi ne daidaito, kuma a lissafinmu wani irin daidaito yakan zo da ƙarfinsa, kamar na lantarki. Lissafin tsirkiyar yana nuna mai yiwuwa akwai wasu nau'o'in ƙarfi a ɓoye, masu rauni ƙwarai, har babu na'urar da ta taɓa jin su.

Ya dube ni, ya dubi faifan. "Wato jami'a na tura ka ka koyi juya faifai? Kuma abin da ba a ji ba a gani, in ba iska ba mene ne?" Mahaifiyata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na tashi jiki a sanyaye, shi ma na ga bai samu abin kai wa majalisa ba.

Da damina ta faɗi, hawan jini ya kayar da shi a shagonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. Ni nake kai shi gashin ƙashi. Ma'aikaciyar wurin takan sa in ɗora tafina a cikin nasa, ta ce, "Baba, matse hannun ɗanka." Sai ya haɗa gumi, jijiyar wuyansa ta miƙe, yatsun kuwa ko motsi. Ta tambaye ni ko na ji wani abu, in girgiza kai. Haka muka yi ta yi, har na fara tsoron wannan tambayar.

Wata safiya a gida na riƙe hannun kamar kullum, ya yi ta ƙoƙari, ban ji komai ba. Na ce, "Baba, huta, gobe ma rana ce." Sai ya kafe ni da ido, ya jawo kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Ina matsawa fa. Kai ne ba ka ji." Ya huta, sannan ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan yi murmushi. "Ba irinsa kake nema ba?"

Na ce, "Irinsa ne, Baba."

Bai sake komawa gindin mangwaron ba. Kafin a fara haƙar doya Allah ya yi masa rasuwa. Amsar da ya daɗe yana nema ya same ta, amma ba ƙafar da zai kai ta, kuma wannan ne yake yi mini ciwo har yau.

Yanzu ina koyarwa, ɗalibai kan tambaye ni amfanin neman abin da na'ura ba ta ji. Nakan ba su amsar da ke cikin littafi, su rubuta. Abin da ba na faɗa musu shi ne, na taɓa riƙe hannun da yake matsa nawa da iya ƙarfinsa, ban ji ko kaɗan ba, kuma ban taɓa shakkar yana matsawa ba. Allah ya jiƙanka, Baba.